Rigarka Tana Riga Bakinka Magana



Tun da yanzu ka iya haɗa baƙi, ga wani ɗan aiki zan ba ka. Ran da ka je kallon wasan kwaikwayo a talabijin, in wasa ya ƙare, kada ka yi saurin naɗe tabarma. Dakata kaɗan. Za ka ga rubutu yana hawa sama, layi bayan layi. Da can, kafin ka shiga karatu, wannan rubutu zane ne kawai a wurinka. Yanzu kuwa sunaye ne, sunayen mutanen da suka yi aikin amma ba a nuna fuskarsu ba. A wasannin Hausa da ake yi a Kano za ka ga an rubuta "Ɗaukar hoto", da "Ba da umarni", da "Kwalliya". Cikinsu akwai wata kalma mai baƙi shida: "Sutura". In rubutun ya yi maka sauri, ba komai, gobe ma rana ce.

Kusa da wannan kalma akwai sunan mutum, namiji ko mace. Shi ne mai sutura. Aikinsa shi ne zaɓen abin da kowane ɗan wasa zai sa, tun daga tagiya har takalmi. Zancen wannan mutum nake so mu yi yau, don na ga akwai abin da za mu ɗauka a wurinsa, mu da ba mu taɓa shiga ɗakin ɗaukar hoto ba.

Mai sutura ba ya farawa da tambayar wace riga ce ta fi kyau a kasuwa. Yakan ɗauki takardar labarin ya karanta, sa'an nan ya tambayi kansa: wannan mutum wane ne? Mece ce sana'arsa? Yana da hali ko ba shi da shi? A wannan fitowa, daga ina yake, ina kuma za shi? Sai ya amsa waɗannan tukuna yake buɗe akwatin kaya. Dalili kuwa, mai kallo ba ya jira. Ɗan wasa na leƙowa daga zaure, kafin ya ce uffan, mun riga mun yanke masa hukunci. Wannan attajiri ne. Wannan ɗan cirani ne. Wannan bazawara ce. Wancan kuwa, a yi hattara da shi.

Dattawanmu na kan iyaka, waɗanda suka daɗe suna kama tashoshin Najeriya, sun san Samanja Mazan Fama. Sunansa na yanka Usman Baba Pategi, tsohon soja ne na gaske, ya rasu a shekarar 2023. In aka ambaci Samanja, me ke faɗo maka a rai? Kakin soja da gashin baki. Cire masa kaki, ka sa masa babbar riga da rawani, sa'an nan ka ce ya daka tsawar nan tasa. Rabin wasan ya lalace. Haka Rabilu Musa Ɗan Ibro, wanda ya rasu a watan Disamba na 2014. Yara na hango jar tagiyarsa sun fara dariya, shi kuwa bai ko buɗe baki ba.

Ni ina koyar da manya a wani ƙauye na ƙasar Tasawa, mata da la'asar, maza bayan lisha. Akwai mai shagon cajin waya kusa da mu, yana da talabijin mai aiki da hasken rana. Wani dare na kai ajin maza can, kowa da allonsa. Ana nuna Daɗin Kowa, wasan nan na tashar Arewa24 da aka buɗe a 2014. Na roƙi mai shago ya kashe murya na ɗan lokaci. Na ce duk wanda ya fito, kowa ya rubuta kalma ɗaya a kansa. Suka rubuta "mai kuɗi", "malam", "likita", "ɗan shaye-shaye", "mai gadi". Da aka maido murya, sai ga shi kusan duka sun faɗa daidai, har waɗanda ba su taɓa kallon wasan ba. Wani dattijo, wanda baƙin "ƙ" ya ba shi wuya wata biyu cur, shi ya fi kowa ci. Na ce masa: "Baba, ashe kai tsohon mai karatu ne. Shekara sittin kana karanta riguna, takarda ce kaɗai ta rage maka." Ya yi dariya har da tari.

Talabijin ba baƙo ba ne a Nijar. Tun 1964 aka fara koyar da yaran lakwal da shi. A 1979 Tele Sahel ta fara aiki don kowa da kowa, aka kuma kai akwatuna masu aiki da hasken rana a wasu ƙauyuka, jama'a na taruwa da dare suna kallo. Iyayenmu sun ga su Yazi Dogo suna wasa da Hausa, da riguna irin na gida, da malafa, da tsohon takalmi. Mai kallo kan ga maƙwabcinsa sak a cikin akwati. Yau kuwa tashoshi sun yi yawa. Ana kallon na Kano, na Indiya, na Turkiyya. Abin da dā sai an taru a dandali, yanzu yana cikin wayar da ke aljihun ɗanka.

To, bari in buɗe maka kaɗan daga asirin wannan sana'a, don ka san abin da kake kallo.

Rigar talakan da ka gani cikin wasa, wani lokaci tsohuwa ce aka nemo. Wani lokaci kuwa sabuwa ce aka tsufar da ita da gangan. A wanke ta sau da yawa, a goge gwiwar hannu da wuya da dutse, a tsoma ta cikin ruwan shayi don ta dafe. Duba wahala! Mu muna faman tsohuwa ta koma sabuwa, su suna faman sabuwa ta koma tsohuwa. Farin yadi tas ba ya shiri da fitilun ɗaukar hoto, yakan yi ƙyalli har fuskar mai shi ta yi duhu, saboda haka sukan nemi fari mai ruwan madara ko mai ruwan toka. Riga mai siraran layuka kusa da juna ita ma ana gudunta, don in aka ɗauke ta sai ka ga tana rawa a fuskar akwati. In za a jiƙa mutum da ruwa ko a ɓata shi da jini na ƙarya, akan tanadi riga iri ɗaya guda biyu ko uku, don in ɗauka ta farko ba ta yi ba a sake.

Ba kuma a jere ake ɗaukar wasa ba. Mutum zai fita daga ɗaki yau Litinin, shigarsa zaure kuwa sai ran Alhamis za a ɗauka. A wurinka mai kallo taki biyu ne kawai ya yi. In tagiyar ta sake tsakanin ɗaki da zaure, asiri ya tonu. Saboda haka akwai mai riƙe da takarda da alƙalami, yana rubuta abin da kowa ya sa, har gefen da ya karya tagiya. Cikin sunayen nan na ƙarshe, shi ne ake rubuta wa "Ci gaban shiri". Ka ga ko a can ma, rubutu ne ke riƙe da aiki.

Abu mafi girma da nake so ka riƙe shi ne wannan. Kayan da ka gani jikin ƴar wasa, sau da yawa ba nata ba ne. Wani na aro ne, wani na haya ne, wani tela ne ya bayar don a ga aikinsa. Wata rigar ma ta yi mata yawa, an kama ta da allura ta baya inda ido ba ya kaiwa. Ta sa ta awa biyu, a inuwa, ba ta ɗauki tulu ba, ba ta hura wuta ba, ba ta goya yaro ba. An gama ɗauka, an ninke, an mayar wa mai shi.

Ba duka masu sutura ne gwanaye ba, wannan kam sai a faɗa. Wani lokaci za ka ga an ce mace matalauciya ce, mijinta ya rasa na cefane, amma ga ta tana daka da leshi da sarƙar wuya. Ko a tashe ta daga barci da asuba, ga kwalli da jan baki kamar mai zuwa buki. Matan ajina ba su barin irin wannan ya wuce. Nan da nan za ka ji ana cewa: "Wannan ba ta taɓa riƙe taɓarya ba!" Sun yi gaskiya. Riga ta yi kyau, amma ta yi ƙarya, kuma da mai kallo ya kama ƙaryar, sai labarin duka ya fita daga ransa.

Yanzu mu dawo gida. Je ka shagon tela a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, in salla ta gabato. Da wuya ka daɗe zaune ba ka ga yarinya ko saurayi ya miƙa waya ba, yana cewa: "Irin wannan nake so." Tela ya duba, ya ce to. Ba ya tambayar ko ɗinkin zai karɓi jikin mai shi. Ba ya tambayar inda za a je da shi. Shi dai a biya. Ranar salla sai ka ga ƴan mata goma da ɗinki ɗaya, ɗinkin wata da ke can Kano wadda ba ta san da su ba, ita ma kuwa wani ne ya zaɓa mata.

Kada ka ɗauka ina ƙin ado. Ina son ado ƙwarai. Garin da ba a ado ran salla, wannan gari ya yi baƙin ciki. Ba laifi ba ne kuma ka ga abu mai kyau a talabijin ka so shi. Da gani ake koyo, kuma telolinmu sun ƙaru da abubuwa da yawa ta wannan hanya. Abin da ke damuna biyu ne. Na farko bashi. Na biyu, mutum ya ɓace cikin rigar wani.

Zancen bashi, kai ma ka san shi. Da kaka hatsi na araha, lokacin kuma ake ta bukukuwa. Magidanci ya buɗe rumbu ya sayar don a yi ɗinkin da aka gani. Damana ta kama, rumbu ya yi ƙasa, ya koma kasuwa yana sayen hatsin nan da tsada, ko ya ci bashi a kan amfanin gonar da bai ko shuka ba. Rigar kuwa tana cikin akwati, yayinta ya wuce, don an fara wani sabon wasa da wani sabon ɗinki.

Ɗauko allonka mu yi lissafi. Mu ɗauka riga ta farko ta ci jikka 20. Tana da ƙyalli, tana da nauyi, ba a sa ta sai buki. A shekara an sa ta sau 4. Raba 20 gida 4. Kowace sawa ta ci jikka 5 ke nan. Mu ɗauka riga ta biyu ta ci jikka 8, ta auduga ce, ɗinki mai ƙarfi, ana zuwa kasuwa da ita, ana zuwa suna da ita. A shekara an sa ta sau 80. Jikka 8 dala 1600 ce. Raba gida 80, kowace sawa ta ci dala 20. Wace ce mai tsada a cikinsu? Sa naka kuɗin garinku a wurin nawa, ka sake lissafin da kanka.

Damuwata ta biyu ta fi wuyar bayani, don ba a auna ta da tiya. Ga yadda nake ganinta. Mai sutura gwani ne don yana tambaya: wannan mutum wane ne? Mu kuwa sai mu bar tambayar a can, mu ɗauko rigar. Ai tambayar ce abin ɗauka. Kai wane ne? Me kake yi da hannunka tun safe? Wane launi ne in ka sa shi kake jin ƙirjinka ya buɗe? Me kake so mutane su gane game da kai tun kana nesa? Wanda ya amsa wannan, ko riga biyu gare shi, za a san shi da shigarsa. Zanen aro ba ya rufe katara, haka magabata suka ce, su da ba su ga talabijin ba.

Kakanninmu sun san wannan karatu sarai. Maƙeri da walkinsa. Maharbi da rigarsa mai layu. Manomi da malafa da taguwa. Malami da farin rawani. Ɗan sarki, in ya naɗa rawani, yakan fitar da kunne biyu a sama, kuma ba kowa ke da iznin yin haka ba. Babbar riga kanta iri-iri ce, akwai saƙi, akwai tsamiya, akwai kore mai ƙyallin shuni, aikin wuyan ma da sunansa, kamar aska biyu da aska takwas. Tagiya akwai dara, akwai haɓar kada mai rufe kunne lokacin ɗari. Dubi kokowa ma, wadda aka fara gasarta ta ƙasa a Tawa a 1975, ake kuma nuna ta a talabijin. Ɗan kokowa ya shiga fili da walki da layu. In ya kada kowa, sai a sa masa babbar riga, a naɗa masa rawani, a miƙa masa takobi. Mutumin bai sake ba, jikin nan ne dai mai ƙura, amma da aka sake masa sutura, ƙasa duka ta san an yi sarki.

Kayan nan namu ba abin rainawa ba ne. Alphadi, babban mai tsara tufafi na Nijar, da irinsu ya yi suna a duniya, da aikin allura da na fata da na azurfa irin na Hausawa, Buzaye da Fulani. A 1998 ya tara masu wannan sana'a daga ƙasashe da yawa a hamadar Tigidit, kusa da Agadas, don bukin da ake kira FIMA. Su suna tasowa daga nesa su ga namu.

Wani zai ce: "Malam, ai waccan shiga ta sana'a ce da ta gado. Ina na mutum shi kansa?" Yana nan, sai dai ƙarami ne, sai mai lura. Dubi mata ran buki in an yi anko. Atamfa ɗaya ce, turmi ɗaya, yadi 6. Amma wannan ta ɗaura kallabi ya tashi sama, waccan ta kwantar da shi ta baya, wata ta bar harshe ɗaya yana lilo a kafaɗa. Ko ta baya ka hango su, ka san wace ce wace. Maza ma haka. Wani ya karya tagiya dama, wani hagu, wani ya tura ta ƙeya, wani ya danna ta har gira. A wurinmu mutum ba ya fita daga cikin jama'a don a san shi. Yana cikinsu, ya sa abin da ake sawa, amma ya bar wata ƴar alama tasa. Ni dai wannan ya fi burge ni bisa ga wanda ya kwaso shigar wata ƙasa dungum.

Zan faɗa maka tawa, tun da ni na tada zancen. A makarantar horon malamai an gargaɗe mu cewa ɗalibi yana karanta malami kafin ya karanta allo. Da aka turo ni aikin manya, na zauna na yi wa kaina tambayoyin mai sutura. Ɗalibaina sun girme ni, wasu sun haife ni. Daga gona suke zuwa, ko daga rijiya. In na zo musu da kwat da takalmi mai ƙyalli, na zama mushe daga birni, bakinsu zai mutu, ba mai yarda ya yi kuskure gabana. In kuma na zo a yamutse, na raina su. Sai na sa tela ya yi mini taguwa uku na auduga, masu ruwan bula, don alli ba ya ɓata su kamar baƙi, ƙura ba ta nuna kanta kamar a fari. Na ce ya sa manyan aljihu biyu, ɗaya na alli, ɗaya na ƙaramin littafi. Tagiya kuwa gwaggota ce ta ɗinka mini da hannunta, wata uku tana yi. Yau in yaro ya hango shuɗiyar taguwa a kan hanyar rijiya, sai ya ruga ya ce wa uwarsa lokacin karatu ya yi. Ban ga wannan shiga jikin kowa a talabijin ba. Tambayar kawai na aro.

Na san abin da wani ke cewa a ransa: "Mai zaɓi ai sai mai hali. Ni da riga ɗaya, me zan zaɓa?" Ban raina wannan magana ba. Akwai wani magidanci da ya daina zuwa aji sati uku. Ba ciwo, ba tafiya. Da na bincika, ashe rigarsa ce ta yage a kafaɗa, yana jin kunyar fitilar aji. Mutum ya kusa iya rubuta sunansa, yagewar riga ta kusa raba shi da karatu! Ka ga sutura ba ƙaramin abu ba ce. Wani ɗan ajin, mai gyaran buhu a kasuwa, shi ya je ya karɓo rigar ya yi mata faci, ya yi wani irinsa a ɗaya kafaɗar don su yi daidai. Da mutumin ya dawo, har aka tambaye shi inda ya samo wannan ɗinki. Wanki da faci da ninki ƙarƙashin tabarma, ba su cin kuɗi da yawa. Ko a tulin gwanjo, wanda muke ce wa bosho, hannu biyu ba su ɗauko abu ɗaya.

Ga wani gargaɗi kuma, shi ma daga talabijin na samo shi. In mai sutura yana so ya ruɗe mu, sai ya sa wa macuci farar riga da rawani da tasbaha, ko babbar shadda da jakar takardu. Mu yi ta yarda da shi har wasa ya kusa ƙarewa. Macutan gaske ma sun iya wannan aiki, sun fi mai sutura iyawa. Wata rana baƙo zai zo garinku da riga mai aiki har ciki, da takarda a hannu, ya ce taimako ya kawo, ko bashin taki, a kawo kuɗin rajista a dangwala hannu. Dā, rigar kaɗai kake iya karantawa. Yanzu ka iya biyu. Gaishe da rigar yadda ya kamata, ka ba ta tabarma da ruwa, sa'an nan ka ce a miƙo takardar. In da Faransanci take, a jira wanda zai fassara, wanda ka yarda da shi.

Ku kuma iyaye, ga taku. Yaro ya dawo daga cirani da wando yagagge a gwiwa, ya ce haka ya saye shi, da kuɗinsa. Uban da ya yi shekaru yana faci don kada a ga gwiwarsa, dole abin ya yi masa zafi. Amma kafin faɗa, a tambaye shi: "Me kake so a gane da wannan?" Sau da yawa abin da yaron ke son cewa shi ne ya je birni, ya ga duniya, ya nemo na kansa, a daina ganinsa yaro. Wannan magana ce mai kyau, rigar ce ba ta iya faɗinta ba a garinmu. In aka ba shi girman da yake nema, wandon da kansa zai koma na zuwa gona. Kunya da addini da mutuncin gida suna da iyakarsu, ba na cewa a tsallake. Amma cikin iyakar nan fili na da yawa. Yarinyar da ta ce ita kore take so ba ja ba, ba ta yi rashin kunya ba. A bar ta ta zaɓa.

In za ka wurin tela, ga amfanin karatunka. Rubuta abin da kake so a takarda tun daga gida, kafin hotunan bangon shago su ɗauke maka hankali. Rubuta awonka ka ajiye, rubuta ranar da aka yi alkawari da kuɗin da ka bayar. Taɓa yadin da hannunka. A watan Afrilu da Mayu zafinmu yana wuce awo 40, yadin roba kuwa ba ya shan gumi, komai ƙyallinsa. In ka ga wuyan riga ya yi maka kyau a wasa, ɗauki wuyan, ka bar sauran. Ba dole sai ka kwashe duka ba.

Cikin ajin mata akwai wata mai tuyar ƙosai. Ta ga wani ɗinki a wani wasa, mai faɗin hannu kamar fiffike, ta so shi ƙwarai. Ta kwana biyu tana tunani. Ita kullum gaban wuta take da tafasasshen mai, faffaɗan hannu kuwa shi ke fara kama wuta, yadin roba kuma in ya kama narkewa yake ya manne a fata. Sai ta bar hannun, ta ɗauki aikin wuyan. Ta ƙara abin da babu shi a wasan, wato aljihu ta ciki don canji, ba sai ta yi ta kwance bakin zane da hannu mai maiƙo ba. Kallabi kuwa ta ce rawaya za ta riƙa ɗaurawa kullum ran kasuwa, don mai neman ƙosanta ya hango ta tun daga tashar amalanke.

Da hannunta ta rubuta wa tela, layi uku: "Auduga. Hannu ƙarami. Aljihu ciki." Shi ne rubutunta na farko da ya fita daga aji. Tela ya ce shekarunsa yana ɗinki, mace ba ta taɓa kawo masa takarda ba, sai hoto. Daga baya mata uku masu tuya sun je sun ce a yi musu irin na mai ƙosai, ɗaya ta ce ita aljihu biyu take so. Takardar tana nan manne a bangon shagon, kusa da kalanda. Ta manta ƙugiyar "ƙ" a kalmar "ƙarami", tela kuwa ya hana kowa ya gyara.